Jiran Jirgin Jidda a Sawakin

Litinin, 9 ga Janairu

Mun gangaro daga duwatsun Sinkat da la'asar. Kunnen Inna ya toshe a gangaren, ta yi ta haɗiyar yawu. Can ƙasa teku, fari-fari, ba shuɗin da ake gani a hoto ba. Ta ce, "Shi ke nan Bahar Maliyan?" Na ce shi ne. Ba ta ƙara cewa komai ba har muka shiga gari.

Masauki: ɗaki ɗaya, gadon igiya biyu. Banɗaki a tsakar gida, da matakala masu tsayi kafin a hau. Gwiwar Inna.

Tikiti ya ce gobe. A ofishin wakilin jirgi an ce mu kasance a ƙofar tasha da hantsi. Fasfo, biza, katin rigakafin shawara, duk cikin leda a aljihun ciki. Na kira gida Maiwurno na ce mun sauka lafiya, jibi war haka muna Makka in Allah ya yarda.

Talata, 10 ga Janairu

Babu jirgi.

Mun je da hantsi kamar yadda aka ce. Jama'a har bakin kwalta: 'yan umara da jakunkuna iri ɗaya, ma'aikatan da hutunsu ya ƙare, mata da yara masu bin mazajensu Saudiyya. Kaya ɗaure da igiya, kowane da suna da lambar waya a jiki. Muna nan har rana ta take. Sai wani ya fito, waya a kunne, ya faɗa wa na gaba wani abu, maganar ta taho baki-baki har ta iso mu. Iska. Jirgi bai baro Jidda ba. Wasu suka ce a'a, ya baro, yana waje ne bai shigo ba.

Ɗan dakon da ya ɗauki buhunmu, ɗan Hadandawa, ya tsuguna ya zana min a ƙasa da yatsa. Mashiga siririya, doguwa, dutsen murjani dama da hagu. In iskar arewa ta yi ƙarfi sai ta dinga tura jirgi mai tsayi gefe, shi ya sa ba a shigo da shi. Wannan na gane, kuma ba na fatan a shigo da shi a haka. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Me ya hana wakili ya kira mu tun safe? Lambata na kan tikitin, da hannunsa ya rubuta.

Inna a kan buhun gari daga hantsi zuwa azahar, babu inuwa sai ta mayafinta. Ba ta yi ƙorafi ba. Da dare ƙafar ta kumbura.

Laraba, 11 ga Janairu

An ce gobe. Wanda ya faɗa ɗin shi ma faɗa masa aka yi.

Wanki. Ruwa sai an saya wurin mai jaki da tanki, da ɗan gishiri-gishiri a baki. Inna ta ce shayin ya ƙi daɗi. Na sayo na gora don maganinta.

Mai masauki ya zo da fara'a, ya karɓi kuɗin wani daren.

Alhamis, 12 ga Janairu

Iska ta lafa da asuba, ta dawo kafin azahar. A ofishi yaro ɗaya ne, yana cin ful da burodi. Ya ce wallahi bai sani ba. Na fi jin daɗin wannan amsar a kan "gobe".

Na ɗauki raksha na kai Inna tsibirin, tsohon gari. Gidajen murjani duk sun zube, tsibi-tsibi, nan da can bango guda a tsaye da gurbin taga. Masallatai biyu ne tsaf, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, Turkawa suka gyara. Tun da Turawan Ingila suka gina Bur Sudan a farkon ƙarnin da ya wuce, wajen kilomita 60 arewa da nan, manyan jirage suka koma can, attajirai suka bi su, gidajen suka rasa mai shafe. Sai a 1991 aka buɗe sabuwar tasha a nan, da sunan Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadi a wannan gabas. Mai raksha ya ce yana nan a Disambar 2017 da Erdogan ya zo, aka yi ta maganar Turkawa za su riƙa sauka su ga Sawakin sannan su haye umara. Ya nuna min inda motocin suka tsaya.

Kyanwoyi ko'ina, manya-manya, ba sa gudun mutum. 'Yan gari sun ce kada a kore su.

Inna ta zauna a kan wani dutse, fuska ga ruwa, ta kawo labarin kakanta. Bayan yaƙin Burmi, 1903, suka biyo Mai Wurno gabas. Da yawa suka zauna a bakin Nilu, inda muke har yau. Shi bai haƙura ba. Shekara da shekaru yana tsinkar auduga a Jazira yana tara guzuri, ya iso nan, Turawa suka killace su saboda cuta, daga baya ya haye a sambuk, jirgin katako mai filafilai, ruwan sha a salka. Ta juyo ta dube ni. "Kai da ka zo a mota, me kake wa huci tun shekaranjiya?"

Na yi shiru, ba a mayar wa Inna magana. Amma a raina ban yarda cewa haƙurin kakanta ya wanke wakili ba. A zamaninsa babu yadda za a yi a sanar da mutum. Yanzu kowa da waya a aljihu.

Juma'a, 13 ga Janairu

Bayan masallaci, wurin mai jabana. Gahawa da citta, zafi har hanci, 'yan ƙananan kofuna. Na zauna kusa da wani dattijo mutumin Halfa, farar jallabiya, takalmi a goge duk da ƙurar nan. Shi ma jirginmu yake jira, zai je ganin 'yarsa. Ashe shekaru ya yi yana ɗaukar faranti a manyan jiragen yawon shaƙatawa a Bahar Rum. Na ce, "Ya Hajji, can ma haka ake jira?"

Ya ajiye kofi ya ba ni labarin Barsalona. Jirgi ya shigo da asuba, mutum 5,000 su sauka, wasu 5,000 su hau, kafin magariba ya tashi. Kowane fasinja an ba shi lokacin zuwansa tun yana gida, don kada su taru gaba ɗaya. Akwati da takarda mai lambar ɗaki a hannunsa; ka miƙa a bakin ƙofa, ba za ka sake ganinsa ba sai a ƙofar ɗakinka cikin jirgi. Teburan duba fasfo jere. A ba ka kati ɗaya, shi ne makulli, shi ne kuɗinka, shi ne shaidar ka fita ko ka dawo. Daga benen tasha gada mai rufi har cikin jirgi, ba rana ba ruwa. Ranar sauka kuma launi-launi ake kira, masu ja su fita, masu kore su dakata a zaune.

Na ce to waɗannan ai ba su da abin cewa.

Ya ce sun fi kowa. Tafiya daga inda bas ya ajiye su ta yi nisa. Wurin jiran tasi babu inuwa. Kujeru sun yi kaɗan. Banɗaki sai an wuce bincike. Layi ya tsaya, ba wanda ya fito ya ce ga dalili. Ya ce abokan aikinsa na da sun gaya masa tun Agustan 2021 da Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Benis, sai a ajiye fasinja a Marghera tsakanin masana'antu, ko a wani gari daban a kwaso su a bas, kuma wanda ya biya kuɗi don ya ga Benis daga saman jirgi ba ya yafewa.

Ban ji haushinsu ba, ko kaɗan. In aka cire Benis, abin da suka lissafa shi nake lissafawa tun Talata. Wurin da tsohuwa za ta zauna. Inuwa. Banɗakin da mai ciwon gwiwa zai iya shiga. Mutum ɗaya da zai tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da ya sani, in bai sani ba ya ce bai sani ba, ku koma masauki, za a kira ku. Ba na neman gilashi ko bene mai tafiya da kansa.

Dattijon ya ce bambancin guda ne. Su in ransu ya ɓaci, badi sai su hau jirgin wani kamfani daga wani gari, kuma kowa ya san haka, daga mai tasha har mai jirgi. Mu kuwa Makka ɗaya ce, kuɗin jirgin sama ba kowa ke da shi ba. Ko an kira mu ko ba a kira mu ba, za mu zo mu tsaya.

Wannan maganar ta hana ni barcin rana.

Da dare na gano mai agashe, irin tsiren nan, a bayan tashar mota, Bahaushen Kasala. Ya ji Inna na magana ya taso da kansa. "Iya, sannu da hanya, mutanen ina ne?" Ya ƙara mata yaji a takarda, ya ƙi karɓar kuɗin nata. Ta ci sosai, karon farko tun da muka zo.

Asabar, 14 ga Janairu

Ba daɗi yau.

Lissafi: masauki, ruwa, raksha zuwa ofishi da dawowa. Daga kuɗin tsaraba nake cira. Ɗakin da aka kama mana a Makka yana ta cin kwanakinsa babu mu. Sauƙin ɗaya, bizarmu ta umara ta kwana 90 ce, ba ta kusa ƙarewa ba. Ma'aikatan ne abin tausayi. Wani saurayi direba ya nuna min saƙon kafilinsa, maigidansa na Saudiyya, gajere, babu sallama. Hannunsa na rawa.

Maganin hawan jinin Inna: na ƙirga, zai kai, in ba a ƙara mako ba.

Ɗan Yaya ya turo bidiyo daga Jidda, wai don mu rage kewa. Tsoho ne, na 2021, lokacin da MSC Bellissima ya fara ɗaukar masu yawon shaƙatawa daga can. Ya kai iyalin maigidansa tasha ya ɗauka. Jirgi fari, hawa kan hawa, ya fi mutum 5,000. Zaure mai sanyi, ma'aikata na tura kekunan marasa lafiya babu kowa a kai, suna neman mai buƙata. Tashar Jidda ɗin dai da za mu sauka, amma ya ce namu zauren daban ne.

Inna ta riƙe wayar nesa da ido.

"Su waɗannan ina za su?"

"Yawo, Inna."

"Su dawo inda suka tashi?"

"Su dawo."

"To, Allah ya kai su lafiya."

Ni kekunan nan na yi ta kallo.

Asabar, da dare

A tsakar gida wani ya tayar da zancen jirgin tumakin da ya kife a nan cikin Yunin 2022, tumaki fiye da 15,000, an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Daga nan wani ya kawo jirgin Al-Salam Boccaccio 98 da ya nutse a 2006, daga Duba zuwa Safaga, mutum fiye da 1,000. Na roƙe su su sassauta murya, Inna na jin Larabci sarai.

Masu jirgi su yi zamansu. Kada jirgin nan ya motsa sai iska ta kwanta. Ko mako ne.

Lahadi, 15 ga Janairu

Tutar ofishin 'yan sanda ta sauko ta kwanta a jikin sanda. Ɗan dakon ya wuce ya ɗaga min hannu, ya nuna teku.

Da walaha jirgi ya shigo, a hankali, ƙaramin jirgi na gaba. Gari ya tashi. Raksha, motocin ɗaukar kaya, masu shayi duk suka nufi ƙofa. Ba namu ba ne, na wani kamfani.

Na tsaya kallon masu sauka. Firji, na'urar sanyaya ɗaki, katifu naɗe, barguna cikin leda, keken yara ja. Fuskoki a gajiye, su ma can suka yi ta jira. Wata mata ta fito ta durƙusa a ƙasa tana kuka, 'yan'uwa suka rufe ta. Ban san ko murna ba ce.

Namu: an ce yana bayansa.

Lahadi, bayan isha'i

Waya ta yi ƙara. Wakili, da kansa! Gobe da safe, kaya tukuna, mutane bayan azahar. Na yi masa godiya har da addu'a, kuma da gaske nake. Kira ɗaya, bai kai minti ba, ga shi duk gidan ya canza. Ana ɗaure kaya, ana dariya, mata na rabon sauran sukari.

Gardamar harami ta tashi. Wani malami cikin 'yan Gadarif ya ce littattafan fiƙihu sun ambaci mutanen Sawakin da suna: suna isa Jidda ba tare da sun daidaita da wani miƙati ba, don haka daga Jidda za su ɗaura. Wasu suka ce su dai in jirgi ya sanar da an zo daidai Yalamlam za su yi niyya, ya fi kwanciyar rai. Aka ja, ba a ɓata ba. Inna ta ce ita za ta yi wankanta a nan da asuba, sauran ta bi abin da malam ya ce. Na fitar da tawul biyu na sa a jakar hannu.

Litinin, 16 ga Janairu

Kaya da safe. Awo, fenti a jikin buhu, 'yar takarda mai lamba. Na sa ta cikin ledar fasfo. Buhun ya tafi a bayan mota tare da ɗaruruwa irinsa. Allah ya haɗa mu.

Bayan azahar, zaure. Fasinjan da suka taru tun Talata duk yau za su tafi, kujeru ba za su isa ba ko da an ninka. Mutane a ƙasa, kan darduma, kan kwali. Fankoki na juyawa can sama. Wata yarinya da jariri a kafaɗa ta hango Inna ta miƙe ba tare da an roƙe ta ba. "Zauna, Hajja." Inna ta riƙe hannunta ta yi ta sa mata albarka da Hausa, yarinyar na cewa amin ba ta ji ko kalma ba.

Layi biyu, maza da mata. Nan gabana ya faɗi, don Inna ba ta iya tsayuwa, kuma ba ta san wace takarda za ta miƙa ba. Na je wurin wani jami'i mai furfura a gemu na yi masa bayani. Ya dube ta, ya ɗaga murya ya ce duk mai tsoho ko mara lafiya ya matso ta wannan gefen. Muka fito mu wajen goma, har da wani makaho da jikansa. Tambari, tambari, an gama. Bai fi ƙarfin kowa ba, mutum ɗaya ne ya ga dama. Da a rubuce yake a bango, da ba sai an dace da mai furfura ba.

Alwala da ruwan gora a bakin zaure. La'asar a tsaye a sahu, kafaɗa da kafaɗa, jakunkuna tsakanin ƙafafu. Dattijon Halfa na gefena. Da aka sallame ya ce zauren nan da an raba wa mutane lokaci, rabinsu da yanzu suna masauki suna hutawa. Sannan ya buɗe jakarsa ya ba Inna ƙwayar hana amai, ya ce ta sha kafin jirgi ya motsa, ba bayan ba.

Saurayin direba ya samu shiga. Ya ce kafilin bai amsa ba tukuna.

Litinin, dare, cikin jirgi

Ta bayan jirgi aka shigar da mu, ta ƙofar da manyan motoci ke bi. Ƙarfe mai santsi, warin gas, ƙara. Daga nan matakalar ƙarfe, tsaye ƙyam, hawa bayan hawa. Inna ta ɗaga kai ta duba, ta ce, "Kai, wannan kam sai dai ka tafi ka yi min addu'a a can."

Ɗan dakon nan ne ya fito, ban san daga ina ba. Ya samo kujerar roba, ya kira ɗan'uwansa. Suka zaunar da ita, ɗaya ya kama ƙafafun gaba, ɗaya bayan, ni ina biye da hannu a bayanta da takalmanta a hammata. A kowace kwana sai sun ɗaga ta sama da kansu don kujerar ta juya. Ta rufe ido, tana salati da ƙarfi. Mutanen da ke bayanmu ba wanda ya ce a yi sauri. A sama na ba su abin da ke aljihuna, na ga bai kai ba, na ƙara da ƙuli-ƙulin guzuri.

Mun samu benci kusa da banɗakin mata. Ta sha ƙwayar, ta miƙe ƙafa a kan jakata. An ce tafiyar awa 12 ce, ko fiye in teku bai gama kwanciya ba.

Har yanzu muna ɗaure. Ana ta shigar da motoci a ƙasa, duk wadda ta hau sai benci ya girgiza. Wani ma'aikaci ya ce da an rufe ƙofa za mu tashi, wani ya ce sai gari ya waye saboda mashigar.

Saukar ce ke damuna yanzu. Matakalar nan dai za a bi, kuma can ban san kowa a cikin tasha ba. Na tura wa ɗan Yaya saƙo: ya nemo keken marasa lafiya ko na haya ne, ya tambaya ko ana barin mai tarba ya shiga da shi zaure ko sai bakin ƙofa, in kuma ba a bari, wa ake roƙa a ciki. Saƙon ya tafi, bai buɗe ba. Caji saura kaɗan, soket ɗaya ne a nan kuma mutum shida ke jiransa. Zan je in bi layi.